Gadar da ta daina juyawa

Kwana biyu kun ji ni shiru, semina ce ta sha min kai. A kwas ɗinmu na adana kayan tarihi an ba kowa gini ɗaya ya yi bayani a kansa, ni kuma aka haɗa ni da wata gada a Newcastle, arewacin Ingila. Da farko haushi na ji, me ya haɗa ni da gadar Turawa? Sai ga ni har ƙarfe biyun dare ina karatunta.

Tana kan kogin Tyne ne, tsakanin Newcastle da Gateshead. Wurin tsohon mahayi ne tun zamanin Rumawa. Ambaliyar 1771 ta cinye gadar da ke wurin, aka gina wata ta dutse a 1781. Matsalar ita wannan, ta yi ƙasa da yawa, manyan jiragen ruwa ba sa iya bi ta ƙarƙashinta, ga shi masana'antar William Armstrong tana Elswick, can gaba da gadar. Sai aka rushe ta, aka yi ta ƙarfe wadda ke juyawa a kan ginshiƙi guda a tsakiyar kogi, jirgi ya wuce ta gefe, sannan ta koma mazauninta. Kamfanin Armstrong ɗin ne ya ƙera injinta mai aiki da matsin ruwa. An buɗe ta a 1876, zamanin Sarauniya Victoria. Jirgin farko da ya wuce, Europa na Italiya, igwa mai nauyin tan 100 ya je ɗaukowa. Wato dai cinikin makamai ne ya fara cin moriyarta, kada kyanta ya rufe mana ido.

A 1924 ta juya kusan sau 6,000. A 1959 aka mayar da famfunanta na lantarki. To amma tun 2019 ba ta sake juyawa ba. Har 'yar majalisar yankin, Chi Onwurah, wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne, ta yi ta matsa lamba a gyara.

Nan muka yi musu a aji. Gadar tana cikin jerin gine-ginen da doka ta kare, a matakin da suke kira Grade II*. Wannan kariyar ta hana a rushe ta ko a sauya mata fasali ba izini, amma ba ta ce dole injin ya ci gaba da aiki ba. Wata 'yar ajinmu ta ce ai motoci na bi, masu yawon buɗe ido na ɗaukar hoto, me kuma ake nema? Ni kuwa na ce gadoji sun yi yawa a kan Tyne, juyawar ce ta bambanta wannan. Kuma injin da ya daɗe a tsaye, masu sanin sarrafa shi ma ƙarewa suke yi, wannan kuwa ba ya cikin takardar kariya.

Alhamis zan gabatar. Don Allah in akwai ɗan injiniya a cikinku da ya fahimci injin matsin ruwa, ya same ni bayan Magariba a masallaci, kada malam ya ƙure ni da tambaya.