Daga Mobilet Zuwa Kasea: Tarihin Baburan Ƙuruciyarmu

Ranar Lahadin da ta wuce ina zaune wurin wani mai gyaran babur a unguwar Zariya, nan Maraɗi, ina jiran a duba mashin ɗin ƙanena, sai idona ya faɗa kan wani tsohon ƙarfe a bayan rumfa, rairayi ya cinye rabin ƙafarsa ta baya. Mobilet ce. Shuɗin fentinta ya koɗe, sirdin ya tafi, amma feda biyun suna nan daram. Na kira yaron shagon, wanda bai wuce shekara 16 ba, na tambaye shi ko ya san wannan abu. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce: "Mushe, ai keke ne aka liƙa wa inji." Na yi dariya, amma yaron bai yi kuskure ba. Abin da ya dame ni shi ne, a hannunsa akwai makullin babur mai ƙarfin cc 125, kuma bai taɓa hawa wani abu da ke tsakanin keke da wannan babur ba. Mu da muka yi samartaka a shekarun 1990, a wannan tsakanin muka girma.

Mobilet asalinta sunan kaya ne na kamfani guda, Motobécane, wanda aka kafa a Pantin kusa da Paris. A 1949 ya fitar da Mobylette ta farko. Lokacin Faransa ba ta daɗe da fita daga yaƙin duniya na biyu ba, ma'aikaci ba shi da kuɗin mota, ga shi masana'anta ta yi nisa da gida. Sai aka ba shi keke mai ɗan inji wanda bai kai cc 50 ba. Abin ya karɓu har sunan ya zama na kowace irinta, kamar yadda muke kiran kowane garin wanki Omo. Kafin ita ma akwai VéloSoleX, wadda aka fara sayarwa a 1946, mai inji a kan ƙafar gaba, da wani ɗan dutse mai juyawa yana gogar taya. Wannan dabara ta dace da kwaltar Paris. A rairayin Gobir da Katsinar Maraɗi kuwa, ko in ruwa ya jiƙa taya, sai dutsen ya yi ta sulɓewa, mai ita ya koma tuƙi da ƙafa. Kamfanin Peugeot shi ma ya shigo da nasa, kuma 103 ɗinsa da ya fito a 1971 ya zama mafarkin samarin Faransa.

Na ce samari, domin dokar can ta yarda ɗan shekara 14 ya hau irin wannan ƙaramin inji, da sharaɗin gudunsa kada ya wuce kilomita 45 a awa, kuma ta daɗe tana tilasta a sa masa feda. To ka ga siffar mobilet doka ce ta zana ta: ƙaramin inji, gudu kaɗan, feda. Ba don mu aka yi dokar ba, amma mu ma mun ci moriyarta ba tare da mun san da ita ba.

Yadda ta iso mana ba abin mamaki ba ne. A lokacin kuɗinmu na sefa a ɗaure yake da faran na Faransa, manyan kantunan da ke shigo da kaya na Faransawa ne, don haka abin da ma'aikacin Faransa ya hau shi ma'aikacin Nijar zai hau. Maƙwabtanmu na Burkina sun fi mu nisa a wannan harka, har a wancan lokacin ana haɗa irin waɗannan babura a Bobo-Dioulasso, kuma har gobe ana yi wa Wagadugu kirari da birnin masu ƙafa biyu. A nan gida, shekarun da kuɗin yuraniyom suka shigo, bayan an fara haƙa a Arlit a 1971, su ne shekarun da ƙaramin ma'aikaci ya fara ajiye keke. Malamin makaranta, malamin asibiti, malamin gona, akawun ofis: in ka ga mutum da mobilet da jaka ɗaure a baya, ka san mai albashi ne.

Mahaifina malamin gona ne, kuma a zamanin Kunce ya sayi tasa, shuɗiya, irin wadda Faransawa da kansu suke kira da launinta. Kafin ta zo hannuna ta riga ta zagaye ƙauyukan Madarunfa fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Kuma ba a ce "ga ta, taka ce" ba. Hawa-hawa aka yi. Shekara guda cur aikina wanke ta da safe da tura ta zaure da dare. Sannan aka yarda in tayar da ita a kan ƙafarta ta tsayuwa, in murza feda har inji ya kama, in kashe. Sai aike na kusa: kai niƙa, karɓo saƙo wurin gwaggo a Bagalam. Ina aji uku na kwaleji kafin Baba ya bar ni in kai ta Tibiri, wadda ba ta fi kilomita goma sha ba. Ranar, wallahi, ko gwamna bai kai ni jin kai ba.

A nan nake so in ɗan daɗe, domin wanda bai riƙe ta ba ba zai gane irin makarantar da take ba. Injinta mai bugu biyu ne, ba shi da wurin zuba baƙin mai daban, sai dai a gauraya shi da isansi a cikin tanki. Wannan gauraye shi muke kira melanj. In man ya yi kaɗan inji ya yi zafi ya cije, in ya yi yawa hayaƙi ya turnuƙe unguwa, buji ya yi baƙi, inji ya mutu a tsakiyar hanya. Saboda haka kowane yaro mai hawan mobilet yana yawo da makullin buji da ɗan guntun waya a aljihu. Ka kwance, ka kankare, ka hura, ka jingina shi a jikin inji ka juya feda ka ga ko wuta na tsalle. In wuta na nan, to matsalar ta mai ce: ka buɗe karburata ka busa ƙurar da ta toshe ɗan ramin. Ban san kalmar konewa a kimiyyance ba sai daga baya, amma tun ina shekara 15 na san inji abu uku yake so, mai da iska da wuta, kuma in ya ƙi tashi ɗaya ne ya ɓace. Yau in ina koyar da ƴan CM2 darasin kimiyya, da wannan nake farawa, kuma ya fi abin da ke cikin littafi shiga kansu.

Ga kuma abin da ba ta iyawa, wanda yanzu nake ganin shi ne babban alherinta. Ba ta gudu. In ka ɗauki aboki a baya kuka iso tudu, dole ka taimaka mata da feda, ko shi ya sauka ya tura. In mai ya ƙare, akwai ɗan maɓalli a jikin faifan da bel ke juyawa, ka murɗa shi ta koma keke, mai nauyin tsiya, ka tuƙo ta gida kana gumi ƴan unguwa na yi maka tsiya. Na faɗi da ita ba sau ɗaya ba. Wadda na fi tunawa a hanyar Jiratawa ce, ranar sallah, na ga ƴan mata a gefen hanya na so in nuna gwaninta, ƙafar gaba ta nutse a rairayi, na wuce ta kan kai. Na tashi da ƙujewar gwiwa da yagaggen wandon sallah. Baba bai ce komai ba, ya dai karɓe makulli wata biyu. Da gudun kilomita 90 na yi wannan wauta, da ba ni ke ba ku labari ba.

Amma Maraɗi ba Faransa kaɗai take kallo ba, kuma ba ta taɓa yi ba. Katsina na nan kusa ta Ɗan Isa da Jibiya, Kano na bayanta. Ta wannan ƙofa baburan Japan suka shigo. Honda ya fitar da Super Cub a 1958, wanda ya zuwa 2017 an ƙera miliyan 100, abin da babu wani abin hawa mai inji da ya taɓa kaiwa. Shi da ƴan uwansa na Yamaha da Suzuki masu garkuwar roba a gaban ƙafa sun cika Nijeriya a shekarun arzikin man fetur, musamman bayan ƙarin albashin Udoji a tsakiyar shekarun 1970. Suna da giya, ba su da feda, sun fi ƙarfi, kuma kayan gyaransu na zube a Kano. Ɗan alhaji a ajinmu irin wannan yake hawa. Mu ƴaƴan ma'aikata muna kan shuɗiyarmu muna cewa tamu ta fi ƙarko, alhali kowa ya san hassada ce. Can Faransa ma baburan Japan ɗin ne suka taimaka wajen durƙusar da Motobécane. Ya karye a farkon shekarun 1980, aka sake masa suna MBK a 1984, daga baya Yamaha ya mallake shi.

Abin da ya kashe mobilet a wurinmu kuwa yana da rana. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗin Faransa da ake saye a sefa 50 ya koma 100. Duk abin da ke zuwa daga can ya ninka kuɗi dare ɗaya, har da piston da bel. Kuma wannan ya zo daidai lokacin da ma'aikata ke bin gwamnati bashin albashi wata da watanni. Mutumin da aka yi mobilet dominsa, wato mai ƙaramin albashi, shi ne ya kasa riƙe ta. Na ga yadda aka koma cire kayan wata a sa wa wata, biyu su zama ɗaya. Tamu ta rayu a haka har na shiga makarantar horar da malamai. A 2002 masana'antar Saint-Quentin ta daina ƙera mobilet gaba ɗaya, amma mu nan mun riga mun yi mata jana'iza.

Gurbin bai daɗe a buɗe ba. A farkon shekarun 2000 baburan Sin suka kwararo, Jincheng, Kasea, Haojue da sauransu, daga baya Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya ya biyo. Sabo fil a kwali, ga araha, ga ƙarfin da ke ɗaukar mutum uku da buhun hatsi. Ga kuma man ruwa-ruwa daga Nijeriya a kwalabe bakin kowace hanya, wanda ya daɗe yana da sauƙi saboda tallafin da gwamnatin can ke zubawa, har zuwa Mayun 2023 da aka cire shi. Babur mai araha da mai mai araha da samari marasa aiki: ka haɗa ukun nan ka sami kabu-kabu. Ba zan zagi wannan sauyi ba. Ni kaina da Kasea na yi shekarun farko na koyarwa a ƙauye, kuma na san mata nawa masu naƙuda babur ya kai gidan likita a inda mota ba ta shiga. Na kuma san tsofaffin ɗalibaina da kabu-kabu ya yi wa aure ya ciyar da iyayensu. Babur ya shiga rayuwarmu har ya zama maganar tsaro: an hana hawansa a jihar Diffa a 2015, aka hana a sassan Tillaberi a farkon 2020, kamar yadda Kano ta hana acaɓa a 2013. Wa zai yi tunanin kafa wa mobilet irin wannan doka?

Abin da na ce an rasa shi ne matakalar tsakiya. Da, yaro yana tashi daga keke zuwa abin da ya fi keke kaɗan, ya yi shekaru a kai, ya faɗi, ya ji ciwon da zai warke, ya koyi tsoron rairayi da na kwana. Kuma da yake abin na uba ne, guda ɗaya a gida, makulli na hannun babba. Yanzu daga keke sai inji mai ninki biyu da rabi na mobilet, wanda gudunsa ya ninka nata, ba hular kwano, ba wanda ya zauna ya koya masa, sau da yawa ma na haya ne ko na aboki. A shekarun da na yi ina koyarwa na je gaisuwar ɗalibai biyu da babur ya kashe, ɗaya ranar rakiyar amarya. Masu gyaran karaya na gargajiya su ma za su ba ka nasu lissafin. Ba na cewa yaran yanzu sun fi mu wauta. Na riga na gaya muku abin da na yi a hanyar Jiratawa. Bambancin a injin yake.

Mota kuwa sai da na haura shekara 38 na same ta, tsohuwar Starlet da ta sha duniya kafin ta sauka a tashar jirgin ruwan Kwatano. Ranar da ta fara mutuwa mini, a hanyar Gidan Rumji, na buɗe gabanta na tsaya ina kallo, sai na tarar hannuna ya tafi wurin buji da kansa. Huɗu ne maimakon ɗaya, amma ɗayansu ne ya yi baƙi.

Kafin in bar shagon ranar Lahadi na tambayi maigidan ko zai sayar mini da shuɗiyar. Ya ce masu sayen tsohon ƙarfe sun riga sun taya, a kilo. Na ƙara masa jika biyu a kan abin da suka ba shi, aka ɗora mini ita a amalanke. Tana zaure yanzu. Babban ɗana yana da shekara 13, ya fara yi mini maganar babur tun bara. Na ce masa in ya iya tayar da wannan, sai mu yi magana. Jiya na dawo daga lakwal na same shi ya kwance karburata ya baza a kan tabarma, ya ɓatar da ƙusa guda.