'Yan Daudu: Tarihin Da Muke Kauda Kai A Kansa

Shirinmu na yau ya taɓo batun da mutane da yawa ke yi wa dariya a fim, amma ba sa son a tattauna shi a zaure. Batun 'yan daudu ne. Sau da yawa za ka ji matashi a Facebook yana cewa Turawa ne suka kawo mana wannan abu ta intanet. To, mu bi sawun tarihi mu gani, daga nan gida Batsari da Safana har zuwa Jidda.

Mu fara da yankinmu. A ƙarni na 19, ƙasar Ruma, wato Batsari ta yau, bakin iyaka ce tsakanin Katsina da Maraɗi. Bayan jihadi ya ci Katsina wajen 1807, sarakunan Haɓe sun yi arewa suka kafa Maraɗi. A can bori ya ci gaba da zama cikin tsarin sarauta, har akwai sarautar Iya, macen da ke shugabantar 'yan bori. Me ya haɗa wannan da batunmu? Masu bincike da dama suna danganta sunan "daudu" da Ɗan Galadima, iskan bori da ake siffantawa da ɗan sarki mai son ado da kyauta da caca. A wajen wasan bori akwai mazan da ke ɗaura zane, su yi rawa, su yi hidima tare da mata. Ke nan kalmar ta girmi wayar hannu nesa ba kusa ba.

Daga nan sai birnin Katsina. A shekarun 1970 wata mai bincike, Renée Pittin, ta yi nazarin gidajen mata masu zaman kansu a birnin, kuma ta tarar da 'yan daudu cikin wannan rayuwa. Sana'arsu a fili take: dafa abinci da sayarwa, suyar kaza a tasha da kasuwa, wasu kuma kawalci, wato shiga tsakanin mata da masu nemansu. Gaskiya ɗaya ce, akwai mai kyau a ciki, akwai marar kyau. Amma ku lura, yawancinsu baƙi ne a birni. Yaro ne da aka tsangwama a ƙauye saboda muryarsa ko tafiyarsa, ya hau mota, ya sami uwar ɗaki a bakin tasha ta koya masa girki.

A Kano ma haka. Rudolf Gaudio, wani masanin harshe daga Amurka, ya zauna da su a shekarun 1990, ya fitar da littafinsa Allah Made Us a 2009. Ya nuna suna kiran juna da "ke" da "ƙawa", sun ƙware a habaici da karin magana. Ya kuma nuna abin da mutane ba sa son ji: da yawansu suna sallah da azumi, wasu suna da mata da 'ya'ya, wasu sun je Makka sun sauke farali, har sun zauna a Jidda suna sayar da abinci. Daudanci ɗabi'a ce da sana'a da ake gani a zahiri. Ba kowane ɗan daudu ne ke neman maza ba, kuma ba kowane mai neman maza ne ɗan daudu ba.

Ba mu kaɗai ba ne. A Senegal ana ce musu gor-jigen, a Mombasa mashoga, a Indonesiya wariya. A Indiya kotun ƙoli ta amince da hijira a matsayin jinsi na uku a 2014. Ko a Madina zamanin Manzon Allah (SAW) akwai waɗanda ake kira mukhannasai. Bukhari ya ruwaito labarin ɗayansu da ke shiga gidan Ummu Salama, har ranar da ya siffanta wata mace ta Ɗa'ifa, sai aka hana shi shiga wajen mata. Akwai kuma hadisin da ya la'anci namiji mai kwaikwayon mata. Sai dai Imamu Nawawi ya bambanta wanda halittarsa ce haka, wanda ya ce babu laifi a kansa, da wanda ya ɗora wa kansa da gangan. Mu a yau mun daina yin wannan bambanci.

Abubuwa sun canza a 2000, lokacin da Katsina da Kano suka bi sahun Zamfara wajen ƙaddamar da Shari'a. An rufe gidajen mata da yawa, wasan bori ya ja baya. A 2007 aka kama maza 18 a Bauchi bisa zargin shigar mata. A Janairun 2014 Shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi mai ɗaurin shekara 14. Tun daga nan, zargi kawai ya isa a tara wa mutum jama'a, ko a ɗauki bidiyonsa a watsa.

Nan ne abin ya shafe mu. A Batsari da Safana mun san yadda ake ji idan ɗan bindiga ya fito daga dajin Rugu ya yanke wa mutum hukunci ba alƙali ba shaida. Mun kuma ga abin da ɗaukar doka a hannu ya jawo mana. Kana iya ƙin daudanci saboda addininka, wannan tsakaninka da Ubangijinka ne. Amma dukan yaro a kasuwa saboda muryarsa siririya ce, wace kotu ce ta ba ka wannan izini? Shari'ar da muke taƙama da ita ta hana bin diddigin asirin mutane, kuma ta ɗora wa mai zargi nauyin kawo hujja.

Ku tambayi kakanninku wa ke soya kaza a tasha a zamaninsu, kuma yaya suka zauna da shi. Ku turo mana abin da suka ce.