Ragon Wane Ne? Tarihin Alamar Dabba da Mallakar Yara a Ƙasar Kano

Duk sa'ad da aka ta da maganar shirya wa yara da samari gasar nunin raguna da awaki a Bacirawa da ƙauyukan da ke kewaye da ita, ba a nisa ake tsayawa a kan tambaya guda: ta yaya za a san ragon da yaro ya jawo nasa ne, shi ya yi ta yi masa ciyawa tun yana ɗan tunkiya, ba na kawunsa ba ne da aka sayo a Dambatta ranar Lahadin da ta wuce? Masu boko suna cewa a huda kunnen kowace dabba a maƙala mata lambar roba, a rubuta a littafi. Dattawa kuwa suna cewa tun kaka da kakanni ba a taɓa huda kunnen akuya a garin nan ba, kuma ba a taɓa rasa sanin mai ita ba. Kowane ɓangare yana da abin kamawa. Amma kafin a yanke hukunci, ya kamata a san daga ina al'adar yi wa dabba alama ta fito, da dalilin da ya sa ta yi ƙarfi a wasu wurare ta yi rauni a namu.

Al'adar tsohuwa ce ƙwarai. A bangon kaburburan Masar na zamanin Fir'auna akwai zanen mutane sun kayar da sa suna yi masa lalas, fiye da shekaru 3,000 da suka wuce. A Madina, hadisai ingantattu sun nuna cewa Manzon Allah (SAW) ya yi wa raƙuman zakka alama da hannunsa mai albarka, sannan ya hana a yi wa dabba lalas a fuska. Buzaye suna yi wa raƙumansu tambarin zuriya da wuta, kowane gida da nasa. Fulani kuwa sun fi yanka kunnen ɗan maraƙi, kowace zuriya da irin tsagarta, har makiyayi yakan kalli kunnen saniya a mashaya ya faɗi daga wane gida ta fito. Abin lura shi ne, duk waɗannan mutane ne da dabbobinsu ke tafiya mai nisa suna cuɗanya da na baƙi.

Hukuma ta shigo cikin lamarin ta ƙofar haraji. Jangali ya girmi Turawa, domin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ambace shi cikin abubuwan da ya soki sarakunan Haɓe da su. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sun riƙe jangalin suka tsara shi, ya zama ɗaya daga manyan hanyoyin samun kuɗin baitulmalin En'e. Daga nan ƙirgar shanu ta zama abin tsoro ga makiyayi. Idan mai ƙirga ya doso, sai a kora rabin garke daji. A jihar Kano an ci gaba da jin ɗacin wannan haraji har gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta soke shi tare da harajin kai a 1979.

Ƙofa ta biyu ita ce ta cuta. Ciwon bushiya ya shigo ƙasar Hausa wajen 1890 ya kashe shanu ba iyaka. Turawa sun kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom a 1924, aka riƙa yin allurar rigakafi a sansanoni. A 1962 aka fara babban gangamin haɗin gwiwa tsakanin Nijeriya, Nijar, Cadi da Kamaru, inda duk saniyar da aka yi wa allura ake ɓantare mata kunne da wani ƙarfe don kada a maimaita mata a zagaye ɗaya. Ta haka alamar gwamnati ta hau jikin dabbar talaka. Cutar ta sake dawowa a 1983 ta yi ɓarna, kafin a bayyana kawar da ita daga duniya baki ɗaya a 2011. Sai kuma cinikin fata. Tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta yi suna har Turai, kuma malaman fata sun daɗe suna gargaɗin cewa lalas a tsakiyar jiki yana karya darajar fata da ƙirgi.

To, me ya sa awaki da tumakin karkarar Kano suka zauna babu tsaga babu tambari? Na ji bayanai uku. Wasu sun ce tsoron jangali ne ya sa mutane suka ƙi duk abin da ya yi kama da rajista. Wannan ya yi daidai da halin makiyayan shanu, amma jangali harajin shanu ne, ba a bin gwaggo cikin gida a ƙirga mata awaki uku. Wasu sun ce addini ne ya hana. Addini fuska ya hana, kuma Fulani da Buzaye da suke yin alamar ba su fi mu sakaci da addini ba. Wasu kuma sun ce kare fata ne. Amma tsagar kunne ba ta taɓa fata, da wannan ne dalili da kunnuwa sun sha wuƙa.

Ni dai a ganina, amsar tana wajen turke. Ƙasar da ta kewaye birnin Kano tana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka. Michael Mortimore, wanda ya yi bincike a nan tun shekarun 1960, ya nuna yadda gona ke bin gona babu saura, ana noma ta kowace damina ba hutu. Abin da ya riƙe irin wannan ƙasa shi ne taki. Don haka da an yi ruwan shuka sai mai unguwa ya sa a yi shela a ɗaure dabbobi. Akuya takan yi wata biyar ko fiye a turke cikin gida, yara suna yanko mata ciyawa safe da yamma, takinta yana taruwa, da rani a ɗebe shi a mangala a kan jaki a kai gona. Bayan an kawar da amfani a sake ta, ta yi kiwo a gonakin maƙwabta, da magariba ta dawo gida da ƙafarta. Dabbar da ke rayuwa haka ba ta bukatar tambari. Duk unguwa an san uwarta, an san ranar da ta haihu, an san wanda ya sayi ɗan'uwanta. Idan aka bukaci alama, tsumma a wuya ko ɗigon lalle ko fenti a gadon baya ya wadatar, shi ma galibi don ranar kasuwa. Idan ta ɓace a yi cigiya, wanda ya tsinta ya kai gidan mai unguwa, mai ita ya zo ya siffanta ta kafin a nuna masa. A kara kuwa, a Wudil ran Juma'a ko Maigatari ran Alhamis, dillali ne ke tsayawa a madadin takarda, la'adarsa ma ladan wannan tsayuwar ce. Idan dabba ta fito ta sata, shi za a nema.

Akwai dalili na biyu da ya fi wannan zurfi. A gidan Bahaushen karkara, akuya ɗaya takan ɗauki haƙƙin mutum uku ko huɗu. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa da kuma Dorayi, ta lura da abin da kowa a nan ya sani, wato yawancin awaki da tumaki na mata ne. Kaka takan ba jikanta 'yar akuya tun yana goye, a ce ta wane ce, amma tana ɗaure a turken uwarsa. Uwar ce ke ba ta dusa da ƙasari. Takin na maigida ne. Wani lokaci kuma an ba wata maƙwabciya kiwo, a kan za a raba 'ya'ya bisa yadda aka saba a garin. Alama ɗaya a kunne ba ta iya ɗaukar wannan bayani duka. Bakin shaidu ne ke ɗaukarsa.

Fikihun Malikiyya da muke bi ya riga ya tsara wannan. Kyauta ba ta cika sai da hauzi, wato abin ya shiga hannun wanda aka ba. Amma idan uba ya yi wa ƙaramin ɗansa kyauta, shi ne ke riƙe masa, muddin ya bayyana a gaban shaidu. Ke nan yaro yana mallakar dabba mallaka ta gaske tun bai yi wayo ba. A nan ne zuciyata take sosuwa, domin ina ganin yadda ake wasa da wannan haƙƙi. Yaro ya shekara yana yawon neman harawa da ƙaiƙayi, yana jiƙa kanwa, yana wanke rago, ana kiransa da sunansa. Ana gobe kasuwar Sallah sai baba ya kwance shi, a sayi taki na zamani ko a biya bashi, yaron kuma a sallame shi da sabuwar hula. Talauci gaskiya ne, ba na musu. Amma yaron da aka yi wa haka sau biyu ba ya ƙara yanko ciyawa da zuciya ɗaya, kuma shi ne gobe zai bar garin ya tafi birni tuƙa adaidaita.

Ita kanta gasar nunin dabbobi ta yara baƙuwa ce. A Amurka ta samo asali daga ƙungiyoyin yaran manoma da aka fara kafawa a farkon ƙarni na 20, irin wadda A. B. Graham ya buɗe a jihar Ohayo a 1902, waɗanda daga baya suka zama ƙungiyar 4-H. A Ingila, ƙungiyar matasan manoma ta farko ta tashi a ƙauyen Hemyock a 1921, inda aka sa 'ya'yan masu sayar da madara gasar rainon 'yan maruƙa. Ta hanyar malaman gona da makarantu wannan tsari ya iso mana, aka riƙa kafa ƙungiyoyin matasan manoma a firamare da sakandare, ana kuma yin bikin nunin amfanin gona a hedikwatocin lardi da na gunduma. Wanda ya yi makaranta a shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Bako da kuma shirin ciyar da ƙasa na 1976, zai tuna lambun makaranta da kejin zomaye. Daga baya abin ya lafa.

Can Amurka kuwa bai lafa ba, sai ma kuɗi suka shiga. Da dabbar da ta zo ta ɗaya ta fara tashi a kan farashi mai tsoka a gwanjo, sai maguɗi ya biyo baya: a sayo ƙosasshen sa daga ƙwararren mai kiwo a ce na yaro ne, ko a musanya dabba ana dab da gasa. Wannan ya sa suka kafa doka cewa sai dabba ta kasance a hannun yaro watanni kafin ranar nuni, a sa mata lamba a kunne a gaban jami'i. Da aka ga ana cire lamba a mayar wa wata, sai aka koma ɗaukar zanen hancin dabba, wanda kowace da nata, har aka kai ga ajiye gashinta don gwajin ƙwayar halitta. Abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne, duk wannan ɗawainiya ƙoƙari ne na sayen abin da mu muke da shi kyauta, wato maƙwabcin da ya san gaskiya. A Senegal ma, inda gasar ragunan Ladum ta zama abin kallo a talabijin, asalin rago da sanin uwarsa da ubansa shi ne rabin kuɗinsa.

Sai dai ban yarda da dattawan da ke cewa a bar komai yadda yake ba. Garin da suke tunawa yana canzawa. Birni ya matso, gonaki suna zama fulotai, baƙi sun yi yawa, mai unguwa bai san kowa da kowa ba kamar da. Ana sace akuya da daddare a mota, kafin asuba ta tsallake ƙananan hukumomi uku. Lokacin da jami'an tsaro suka riƙa ƙwato shanun sata daga dajin Falgore da na Kamuku a wajen 2015 da 2016, babban aikin ya koma tantance masu su. Gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwon dabbobi a 2024, kuma maganar sa wa dabbobi lamba da bin diddiginsu tana cikin abin da ake ta tattaunawa. Lambar kunne tana tafe, ko muna so ko ba ma so. Abin da ya rage mana shi ne mu tsara yadda za ta shigo.

Ga abin da nake ganin ya dace ga duk mai shirya wa yara gasa a wannan yanki. A buɗe rajista wata huɗu ko biyar kafin ranar nuni, a ƙofar gidan mai unguwa. Yaro ya zo da dabbarsa tare da wanda ya ba shi, uwa ce ko kaka ko kawu, a furta a gaban shaidu biyu cewa tasa ce. A rubuta irinta, Uda ce ko Balami ko 'Yankasa, da launinta da haƙoranta, a ɗauki hotonta da waya tare da yaron. Sannan a sa lambar, malamin dabbobi ya sa ta da kayan aiki masu tsabta, kyauta, tare da allurar rigakafi, don kada kowa ya ɗauka wani sabon jangali ne. Idan dabbar kiwo aka ba yaron, a rubuta sunan mai ita da na mai kiwon, a faɗi rabon kowa tun ranar. A karɓi 'yan mata daidai da samari, domin su da iyayensu mata ne ke riƙe da yawancin turakun garin nan. A kuma rubuta ƙarara cewa kyautar da aka ci da kuɗin dabbar idan an sayar na yaron ne, waliyyinsa amana kawai yake riƙewa.

Ina kira ga masu unguwanni, limamai da malaman makaranta na Bacirawa da maƙwabtanta da su ɗauki wannan aiki da kansu tun kafin a kawo musu shi a takarda daga sama. Iyaye kuma su ji tsoron Allah a kan dukiyar 'ya'yansu. Abin da aka ba yaro a gaban shaidu nasa ne, kuma za a tambayi wanda ya ci shi.