Ɗan Kasuwar Masu Ba Da Labari: Ƙuruciyar Dilip Kumar

Da yawa daga cikinmu da suka baro gida suka shigo birni tsakanin shekarun 1960 da 1980, gidan silima yana cikin abubuwan farko da suka ɗauke musu hankali. Tun a shekarun 1950 'yan kasuwa mutanen Labanan suka fara shigo da finafinan Indiya ƙasar Hausa, har gidajen silima irin su Plaza da Eldorado a Kano suka zama matattarar samari. Cikin fuskokin da muka saba gani a wancan zamani akwai Dilip Kumar, jarumin Mughal-e-Azam (1960) da Ram Aur Shyam (1967). Sai dai kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa sunansa na yanka Muhammad Yusuf Khan, kuma shi ma ɗan ci-rani ne da ya taso nesa da garin da aka binne cibiyarsa.

Asalinsa da haihuwarsa

An haifi Yusuf ranar 11 ga Disamba, 1922, a birnin Peshawar, wanda a lokacin yake cikin ƙasar Indiya ƙarƙashin mulkin Turawan Ingila. Shi ɗaya ne daga cikin 'ya'ya 12 na Lala Ghulam Sarwar Khan, attajirin kayan marmari mai gonaki nasa na kansa, da mai ɗakinsa Ayesha Begum. Harshen gidansu shi ne Hindko.

Gidan nasu yana dab da kasuwar Qissa Khwani, wato Kasuwar Masu Ba Da Labari. Tun zamanin da, nan ne zangon fataken da ke ratso duwatsu daga Afganistan da tsakiyar Asiya. Idan dare ya yi sai su taru wajen masu shayi, gwanayen labari su yi ta kwararo musu hikayoyin sarakuna da mayaƙa da masoya. A wannan unguwa yaron ya buɗe ido, ya ga yadda mutum ɗaya ke riƙe taron jama'a da murya kawai, ya ɗaga ta inda ya dace, ya yi shiru inda ya dace.

A littafin tarihin rayuwarsa da aka buga a 2014, ya ba da labarin wani bawan Allah matafiyi da ya dube shi yana yaro, ya ce zai ɗaukaka, amma a tsare shi daga kambun baka. Jin haka sai kakarsa ta sa aka aske masa kai ƙwal, kullum kuma ta shafa masa baƙin tukunya a goshi kafin ya tafi makaranta. Yara suka yi ta yi masa dariya. Wannan ya mayar da shi mai kunya da son kaɗaici, mai yawan kallon mutane da ƙarancin magana.

Ƙaura zuwa Bombay

A cikin shekarun 1930 mahaifinsa ya kwashe iyalinsa zuwa Bombay, birnin da yanzu ake kira Mumbai, ya kafa sana'arsa a kasuwar Crawford. Yusuf ya yi karatu a makarantar Barnes da ke Deolali, daga bisani ya shiga kwalejin Khalsa a Bombay. A can ya sake haɗuwa da ɗan garinsu, Raj Kapoor, wanda shi ma a Peshawar aka haife shi a 1924. Iyayensu aminan juna ne tun daga gida, duk da bambancin addini. Raj ya sha kwaɗaita masa shiga fim, shi kuwa hankalinsa na wajen ƙwallon ƙafa. Daɗin daɗawa, mahaifinsa bai ɗauki wasan kwaikwayo sana'ar mutanen kirki ba, har yakan tsokani amininsa Basheshwarnath, kakan Raj, cewa ya bar ɗansa Prithviraj ya lalace a harkar 'yan wasa.

A 1940 saɓani ya shiga tsakanin Yusuf da mahaifinsa, ya yi fushi ya tafi garin Puna ba tare da ya san kowa ba. Ya ɓoye asalinsa, ya sami aiki a kulob ɗin sojojin Ingila albarkacin Turancin da ya iya, sannan ya kafa teburin sayar da burodi mai haɗi a tsakiya. Masu iya magana sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: ɗan attajiri ya iya ciniki. Ko da zaman ya ƙare, ya koma gida da rupi 5,000 na guminsa. A wannan zaman ne kuma ya taɓa kwana a gidan yarin Yerwada, saboda jawabin da ya yi yana goyon bayan 'yancin Indiya.

Ƙofar da harshe ya buɗe

Bayan dawowarsa, yana tsaye a tashar jirgin ƙasa ta Churchgate ya gamu da wani masanin gidansu, Dakta Masani, wanda ya ja shi zuwa kamfanin shirya finafinai na Bombay Talkies. Shugabar kamfanin, Devika Rani, ta tambaye shi ko ya iya harshen Urdu. Da ta tabbatar ya iya shi sosai, sai ta yi masa tayin aiki a kan rupi 1,250. Yusuf ya zaci albashin shekara ne, sai da aka tabbatar masa na wata ne. Kafin a sa shi gaban kyamara, ya taimaka a sashen rubuta labari saboda ƙwarewarsa a Urdu, yana kuma zaune yana lura da jarumi Ashok Kumar, wanda ya koya masa cewa gwanin wasa shi ne wanda mai kallo zai manta wasa yake yi.

Devika Rani ce ta kawo shawarar ya ɗauki sunan fim, shi kuma ya karɓi Dilip Kumar domin tsoron kada mahaifinsa ya gane. Fim ɗinsa na farko, Jwar Bhata (1944), bai yi kasuwa ba, 'yan jarida ma suka kushe shi. Sai a 1947 Jugnu ya fito da shi. Basheshwarnath ne ya nuna wa mahaifinsa hoton tallan fim ɗin a bakin titi, ya rama tsokanar da aka daɗe ana yi masa. Tsohon ya yi fushi, daga baya ya huce.

Gidan da aka bari

A wannan shekara ta 1947 aka raba Indiya biyu, Peshawar ta faɗa cikin Pakistan, iyalin Yusuf kuwa suka zauna a Bombay. Garinsu ya koma wata ƙasa daban. Duk da haka bai saki harshen Hindko ba, kuma a 1988 ya ziyarci Peshawar, jama'ar gari suka yi masa gagarumar tarba. A 2014 gwamnatin Pakistan ta ayyana gidan da aka haife shi a matsayin kayan tarihin ƙasa, amma a lokacin ginin ya riga ya lalace ƙwarai. Sai a 2021 gwamnatin lardi ta mallaki gidan da niyyar mayar da shi gidan tarihi. Ranar 7 ga Yuli na wannan shekarar Dilip Kumar ya rasu yana da shekara 98.

'Yan uwa mazauna birane, akwai abin lura a nan. Yusuf bai shiga Bombay Talkies da takardar shaidar koyon wasa ba. Jarinsa shi ne kunnen da ya saba da labaran Qissa Khwani, da harshen da ya laƙanta, da haƙurin ɗan kasuwa da ya gada. Mu ma yau muna renon 'ya'ya a Kano da Kaduna da Abuja da Legas, waɗansunsu ba su taɓa jin tatsuniya daga bakin kaka ba, ba su san ƙofar gidan kakanninsu ba. Idan gidan mutumin da duniya ta sani ya kai ga rushewa domin babu mai zama a ciki, ina ga namu? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mu riƙa kai yara gida lokacin hutu, mu yi musu magana da harshenmu, mu kuma duba katangun da muka baro tun ba su faɗi ba.

Allah ya jiƙan Yusuf Khan, mu kuma ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.