2.3 Nauyin Iyaye a Karatun Gida: Misali Daga Gidan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo

Wannan fasali zai duba nauyin da ke kan uban da ya zaɓi ya karantar da 'ya'yansa a gida, ta hanyar waiwayar tarihin yankin da garin Mandera yake, wato ƙasar Boɗinga da Shagari.

Yankin ya taɓa zama cibiyar ilimi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1754-1817) ya zauna a Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuwa ya zauna a Boɗinga. Dukansu a gida suka fara karatu. Idan aka nazarci tsarin gidansu, za a ga nauyi iri uku.

Na farko, uba ya aza harsashi da kansa. Shehu ya karanci Alƙur'ani a wajen mahaifinsa, Muhammadu Fodiyo, haka ma Abdullahi.

Na biyu, uba ya san iyakar saninsa, ya miƙa yaro ga malami na gaba. Shehu ya yi karatu a wajen 'yan'uwan iyayensa, irin su Usmanu Binduri, sannan ya tafi wajen Malam Jibrilu ɗan Umaru. Abdullahi ya jero malamansa a littafinsa Ida'un Nusukhi, cikinsu har da Shehu kansa. Ashe ke nan karatun gida bai zama kulle yaro a zaure ɗaya ba.

Na uku, kada a bar mata a baya. A littafin Nurul Albabi, Shehu ya soki malaman da ke karantar da almajirai alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Sakamakon wannan ra'ayi ya bayyana ga 'yarsa Nana Asma'u (1793-1864), wadda ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru don ilmantar da matan karkara.

Daga baya hukuma ta shigo cikin lamarin. An ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato a 1999, dokarsa ta 2004 kuma ta wajabta wa iyaye tabbatar da 'ya'yansu sun kammala firamare da ƙaramar sakandare.

A taƙaice, tarihin yankin bai goyi bayan uban da ya hana yaro makaranta da sunan karatun gida ba, matuƙar bai sauke waɗannan nauye-nauye ba.