Matar da Aka Kora Daga Gona Saboda Ƙuri'a

Uwargida, ko kina tankaɗe ko kina tsintar shinkafa, matso da rediyonki kusa. Yau tarihi zai kai mu nesa, can kudancin Amurka, jihar Misisipi, wata ƙaramar hukuma ta manoma mai suna Sunflower.

Ƙasa ce ta auduga. Mafi yawan mutanenta baƙar fata ne, jikokin bayi, amma gonakin na Turawa ne. Baƙar fata su yi noman kashe-mu-raba, in kaka ta yi mai gona ya cire bashin iri da na abinci, sau da yawa manomi ya tashi a tutar babu. To, ina maganar zaɓe? Tun 1890 jihar ta kafa tsarin mulki da ya gindaya sharuɗɗa biyu. Sai mutum ya biya harajin zaɓe, sannan ya karanta wani sashe na tsarin mulkin ko ya fassara shi yadda zai gamsar da magatakarda. Magatakardan kuwa Bature ne, in ya ce ka faɗi, ka faɗi ke nan. Da wannan dabara aka rufe wa masu rinjaye baki shekara da shekaru. 'Yan tsirarun da ke zaɓe kuma jam'iyya ɗaya suka sani, wato Dimokurat, wadda a wancan zamanin ita ce garkuwar wariyar launin fata a kudu. Sanata James Eastland, ɗaya daga cikin jiga-jiganta, a nan Sunflower gandunsa yake.

A cikin wannan hali aka tashi wata yarinya, Fannie Lou Hamer. An haife ta a 1917, ita ce auta cikin 'ya'ya 20. Tana shekara 6 ta fara tsinkar auduga, tana 12 ta bar makaranta. Sai da ta kai shekara 44, a wani taro a 1962, ta fara jin cewa ashe ita ma tana da haƙƙin yin zaɓe. Kin ji fa, 'yar'uwa, shekara 44 ba wanda ya taɓa gaya mata!

Ranar 31 ga Agusta 1962, su 18 suka shiga mota daga garin Ruleville zuwa Indianola, hedikwatar ƙaramar hukumar, don yin rajista. Aka ba ta jarrabawa, aka ce ta faɗi. A hanyar dawowa 'yan sanda suka tare motar, suka ci direba tara, wai launin motar bai dace ba. Tana isa gida mai gonar ya ce ko ta janye sunanta ko ta tattara nata ya nata. Shekara 18 tana yi masa aiki. Ta amsa masa da cewa ba don shi ta je rajista ba, don kanta ta je. A daren nan ta bar gonar. Bayan 'yan kwanaki aka yi ruwan harsashi har 16 a gidan da ta samu mafaka, Allah ya sa ba ta da rabon mutuwa.

Duk da haka ba ta saduda ba. Ta koma, ta ci jarrabawar a farkon 1963. A watan Yunin shekarar aka kama ta a garin Winona, aka yi mata dukan da ya lalata mata ƙoda, ciwon da ta rayu da shi har ƙarshen ranta. A 1964 ta je babban taron jam'iyyar Dimokurat a Atlantic City, ta zayyana wannan duka a gaban kwamiti, gidajen talabijin suka watsa wa ƙasa baki ɗaya. Shekara ta zagayo, a 1965, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar kare haƙƙin zaɓe, wadda ta dakatar da irin waccan jarrabawa. Kafin dokar, baƙar fatan Misisipi da ke da rajista ba su kai kashi 7 cikin 100 ba. Zuwa 1967 sun kusa kashi 60.

Daga nan siyasa ta juya. Turawan kudu suka fusata da jam'iyyarsu ta gado, har a zaɓen 1964 ɗan takarar Rifablikan, Barry Goldwater, ya kwashe kashi 87 na ƙuri'un jihar. Baƙar fata kuwa suka rungumi Dimokurat. Tun 1980 jihar Misisipi Rifablikan take bi a zaɓen shugaban ƙasa, amma Sunflower ta yi nata hanyar daban: a 2008 wajen kashi 70 na ƙuri'unta Barack Obama suka bai wa, kuma daga nan har 2024 Dimokurat take zaɓa.

Sai dai kada ki ɗauka da doka ta buɗe ƙofa kowa ya fito. Ina! Rajista daban, fita ranar zaɓe daban. Wanda ke kwana a ɗakin mai gona, yana cin bashi a kantinsa, da wuya ya saɓa masa. Ita kanta Hamer ta tsaya takarar majalisar dattawan jiha a 1971, ta sha kaye. Ta riga ta gane cewa mai jin yunwa ba shi da zaɓi, shi ya sa a 1969 ta kafa gonar haɗin gwiwa don talakawa su ci daga guminsu. Ta rasu a 1977.

Mu ma nan Arewa, ai sai a 1976 aka ba mata damar jefa ƙuri'a, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri da duka a kan hakan. Saboda haka, uwargida, in lokacin rajista ya zo, ki zauna da maigida cikin ladabi ki nemi izini tun da wuri. Katinki kuma ki adana shi a ƙasan akwati, kada ki ba kowa ajiya, kada ki musanya shi da sabulu ko turmin atamfa. Sabulu zai ƙare cikin mako guda, wanda kika zaɓa kuwa shekara huɗu zai yi a kanki, shi zai ce ko asibitin haihuwa ya samu magani ko kada ya samu.

A nan zan dasa aya. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa, a gaida yara, a huta lafiya.