Kamar Zaure: Abin da Na Gani a Kan Duwatsun Kazaure

Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai dare.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, bayan sallar asuba, na ɗauki ɗan yayana da abokinsa muka tafi hawan dutse. Kun san halinmu a Kazaure. An haife mu duwatsun nan suna kallonmu, kullum muna wucewa ta gindinsu a kan babur, amma in ka tambayi mutum yaushe rabonsa da hawa, sai ya ce maka tun yana firamare, lokacin da ake guduwa tsinkar magarya a dawo a sha bulala. Ni kaina na fi shekara 20 rabona da hawa. Ƙafafuna sun gaya mini haka tun kafin rana ta ɗaga.

Ba mu hau kai tsaye ba. Mun bi ta wani kwazazzabo ne da ya ratsa tsakanin tsaunuka biyu, inda ruwan damina ke gangarowa. Yanzu da kaka ta shigo ruwan ya janye, sai 'yan kududdufai a cikin ramukan dutse, da yashi mai sanyi da sawun awaki a kansa. Muna ƙara shiga bangon dutsen yana ƙara tsawo hagu da dama, har hayaniyar gari ta ɓace gaba ɗaya, ba ƙarar mota, ba injin niƙa, sai kukan kurciya da takunmu. Akwai inda hanya ta matse sai mun jera ɗaya bayan ɗaya. Daga nan kuma sai wurin ya buɗe, fili mai inuwa, dutse ya kewaye shi, ƙofar shiga ɗaya ta fita ɗaya. Yaron nan ya tsaya ya ɗaga kai, ya ce, "Baffa, wallahi nan kamar ɗaki."

Na yi dariya har na zauna. Na ce masa, kai ka san abin da ka faɗa kuwa? Bai sani ba. Yana aji biyar a sakandare, a garin nan aka yanke masa cibiya, amma bai taɓa jin inda sunan Kazaure ya samo asali ba. Laifinmu ne, ba nasa ba.

Abin da manya suka gaya mana shi ne, wani maharbi mai suna Kutumbi ya taso daga wajen Dala yana farauta, ya faɗo cikin kwarin nan mai ruwa da namun daji, ya ji daɗinsa ya ƙi komawa. Da shiru ya yi yawa sai danginsa suka biyo sawu, da suka iske shi, ɗayansu ya dubi yadda duwatsu suka kewaye wurin ya ce wannan waje kamar zaure. Kamar zaure, Kazaure. (A kula, ba Sarkin Kano Kutumbi ake nufi ba, wanda ya yi mulki daga 1623 zuwa 1648, suna ne ya zo ɗaya.) Labarin baka ne, har da zancen Tsumburbura da tsamiya a cikinsa, irin dai na Dala, kuma na san akwai malaman tarihi a cikinku da za su ce mutane kan ƙirƙiri labari don su fassara sunan da suka tarar. Ban musa ba. Amma wanda duk ya fara faɗin maganar nan ya taɓa tsayawa a irin wurin da muka tsaya, tunda ga yaron da bai san komai ba ya maimaita ta da bakinsa.

Daga nan muka fara hawa na gaske. Dutsen Kazaure ba irin na garin Dutse ba ne, manyan mulmulallun duwatsu da suka hau kan juna. Namu dogayen tsaunuka ne a jere, sun miƙe kusan daga kudu zuwa arewa, bayansu kamar bayan raƙumi, ga tsakuwa mai kaifi da ke zamewa a ƙarƙashin ƙafa. Masana ilimin ƙasa sun ce asalinsa yashi ne da ya taru ya daskare, sannan zafi da matsi na cikin ƙasa suka gasa shi ya zama dutse mai tsananin tauri, sama da shekara miliyan 500 da suka wuce. Abin da ke kewaye da shi mai laushi ruwa da iska suka cinye, shi ya tsaya. In ka fasa guntunsa ka duba a rana za ka ga yana ƙyalli kamar an barbaɗa sukari. Silifas ɗin abokin yaron nan bai kai rabin hanya ba ya tsinke, da leda muka ɗaure.

Da muka kai sama na samu wuri na zauna ina haki. Ga gari can ƙasa, ga ruwan dam yana sheƙi, ga titin Kano zuwa Daura kamar zare, ga gonakin dawa har iyakar ganin ido. Na sha karanta tarihin yaƙin Ɗantunku da Dabo, amma wallahi sai ranar na fahimce shi. Duk wanda ke zaune inda nake zai hango ƙurar dawakai tun suna nesa. Wanda ke ƙasa kuwa ba ya ganin komai sai dutse.

Ga yadda abin ya kasance, don yaranmu da ke nan.

Ɗantunku Bafulatani ne, jagoran Yarimawa, mazauninsa na farko wajen Dambatta. A farkon jihadi shi ne ya tare hanya ya hana rundunonin sarakunan Haɓe na Kano da Katsina da Daura haɗuwa wuri ɗaya, kuma yana cikin waɗanda suka karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Zamanin Sarkin Kano Sulaimanu an zauna haka nan, ba a fito fili an yi rigima ba. Da Sulaimanu ya rasu a 1819 aka naɗa Ibrahim Dabo, sai Ɗantunku ya ƙi yin mubaya'a. Hujjarsa a fili take: tutarsa daga hannun Shehu ta fito kamar yadda ta Kano ta fito, to don me zai bi Kano? Ba shi kaɗai ya yi wa Dabo tawaye ba, garuruwa da yawa sun yi, kuma Dabo ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya murƙushe. Na Ɗantunku ne kaɗai ya gagara.

Shekara 5 ana gwabzawa. Akwai lokacin da mahayan Ɗantunku suke kai hari har kusa da ganuwar Kano. Baturen nan Clapperton da ya iso Kano a watan Janairun 1824 ya tarar ana cikin yaƙin, ya kuma rubuta shi a labarin tafiyarsa. Daga ƙarshe Dabo ya tattaro runduna ya shigo har cikin duwatsun nan, ya ci sansanin Ɗantunku. A fili da magana ta ƙare ke nan, domin Kano ta fi yawan mutane da dawakai nesa ba kusa ba. Amma cin sansani daban, riƙe dutse daban. Ɗantunku ya janye, ya dawo musu ba zato, ya fatattake su. Ina zaune a can sama ina duban kwazazzabon da muka biyo, inda mutum biyu ba sa iya jerawa, na ce to ina amfanin doki dubu a nan? Wanda ya san wace hanya ce ke ɓullewa, wace ce ke mutuwa a jikin dutse, ina ruwa yake kwana da rani, shi ke da wurin.

Da aka ga ba mai kayar da wani, sai aka kai magana gaban Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yanke cewa Kazaure masarauta ce mai cin gashin kanta, Sakkwato za ta bi kai tsaye. Ƙasarta an yanko ta ne daga jikin Kano da Katsina da Daura. A shekarar 1824 ɗin Ɗantunku ya rasu, ɗansa Dambo ya hau, ya yi shekara 33 yana faɗaɗa ƙasa da kafa gari, har 1857. Abin dariyar shi ne Dambatta, inda aka faro, ta zauna a hannun Kano har gobe. Abokaina na Dambatta, na san za ku zo ku cika mini wurin nan da tsiya, bismillah, ina jira.

Bayan Kano sai Damagaram. Zamanin Muhammadu Zangi, 1857 zuwa 1886, da na Muhammadu Mayaƙi bayansa, Kazaure tana bakin iyaka, tana fuskantar sarakunan Damagaram masu bindigogi, har da igwa da ake ƙerawa a Zinder tun zamanin Tanimu. An sha wuya ƙwarai. Amma 'yar ƙaramar masarautar nan, ɗaya daga cikin mafi ƙanƙanta a daular Sakkwato, tana nan har Turawa suka ci Kano a 1903, tana nan cikin Lardin Kano, tana nan da aka ƙirƙiro Jigawa a 1991, da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi a ƙarƙashinta. Ba na rage wa magabata jarumtarsu, Allah ya jiƙansu. Amma a ganina da ƙasar nan shimfiɗaɗɗiya ce kamar ta Babura, da yau hakimi ne a Kazaure ba sarki ba.

To, ga abin da ya sa na zauna na yi wannan dogon rubutu.

Ba ta inda muka hau muka sauko ba, mun zagaya ta ɗaya gefen. Jama'a, abin da na gani bai yi mini daɗi ba. Ina yaro gefen nan duhu ne, marke da ƙirya da taura da hano, ga geza ta rufe ƙasa, sai ka sunkuya kake wucewa. Muna tayar da fakara, muna ganin damo yana shan rana. Kakarmu kan ce a zamaninsu da magariba ba mai bi ta nan saboda kura. Yanzu kututture ne a jere, wasu sabon sara, ruwan itacen bai ma bushe ba. Na ƙirga ramukan gawayi har na daina. Can gaba kuma an ɓare gefen tsaunin guda, ya yi fari fat kamar an feɗe shi, ga tarin tsakuwa, ga sawun tifa. Ruwan damina ya samu hanya ya tsaga wani sabon rami ya nufi gonakin mutane, ya kwashe ƙasar ya bar musu duwatsu.

Mun iske wani dattijo a ƙarƙashin 'yar rumfar buhu yana fasa dutse da guduma, hannunsa duk ya tsattsage. Na gaishe shi, ya ba mu ruwa, don namu ya ƙare tun a sama. Na ce, "Baba, ba kwa tsoron wata rana dutsen nan ya ƙare?"

Ya dube ni ya yi murmushi. Ya ce, "Ɗana, ni zan riga shi ƙarewa. In ka samo mini abin da zan kai gida yau, ga gudumar, na ba ka."

Ban samu amsa ba. Kuma duk wanda zai zo nan ya zagi masu saran itace da masu fasa dutse, ya fara gaya mini da me matarsa ta yi girki jiya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, gas ya fi ƙarfin mutane da yawa, gidajen da suka daina gawayi sun koma. Ni ma akwai buhu a gidana, ban kuma tambayi daga wane dutse ya fito ba. Harsashin gidan da nake ciki da irin tsakuwar dattijon nan aka zuba shi. Saboda haka ba daga kan mumbari nake magana ba.

Abin da ke damuna shi ne abin da ke tafe. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021 ta Kazaure ya biyo, daga Dambatta ya wuce Daura. Alheri ne, muna murna. Amma duk garin da jirgi ya tsaya sai ya kumbura, filaye su yi tsada, gini ya yawaita, kowane gini kuma yana son dutse, kowane sabon gida yana son makamashi. Abin da guduma ta yi a shekara 30, inji zai yi shi a damina biyu. In ba a zauna yanzu an ce ga inda za a fasa, ga inda ba za a taɓa ba, to ba wanda zai zauna daga baya, don lokacin kuɗi sun shiga maganar.

Ba na cewa a hana kowa neman abinci. Tsaunukan suna da yawa, daga nan har Roni. Cewa nake a ware wasu, musamman kwazazzaban da ke riƙe ruwa da wuraren da dattawa suka san an yi sansani ko an yi ganuwa, a sa musu alama, masarauta da ƙaramar hukuma da masu unguwanni su san da su. Dattawan da za su iya nuna wuraren da yatsa ba su da yawa, kuma kowace shekara muna raka wasu makwanci. Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a garin nan, cike da ɗalibai masu neman abin da za su yi bincike a kai, ga waya mai ɗaukar hoto da murya a aljihun kowa. Makarantunmu kuma suna haya mota su kai yara gidan zu a Kano, alhali ga inda aka kori rundunar Dabo ana hango shi daga tagar aji.

Da muka iso gida ɗan yayan nawa ya shige wajen mahaifiyarsa yana ba ta labarin Ɗantunku, ya mayar da shekara 5 ta koma 50, ya ƙara wa Dabo giwaye. Na bar shi, gyara ya zo daga baya.

Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu zan sake hawa, wannan karon da wani dattijo da ya yi kiwo a duwatsun tun yana yaro, ya ce zai nuna mana inda ruwa ba ya ƙafewa. Wanda yake so ya yi mini magana ta akwatin saƙo. Ana idar da asuba za mu tashi, don rana ba ta da wasa a can sama. A zo da ruwa gora biyu, a sa takalmi mai rufi. Mai silifas ya zauna a gida.